Layin da Mama Ba Ta Taɓa Tsallakawa Ba

Shafi na 14

Masu biyo ni har akwatin saƙo kuna "wai ina ci gaba?", duk na gan ku. Wadda ta ce ta yi fushi da ni har abada, sauko haka nan, ga shi na kawo. Mai girki a kan wuta kuma ta fara saukewa, ba ruwana.

*

Masara hagu, masara dama. Tun da rana ta ɗaga ba abin da Keely ke gani ta tagar mota sai masara, kore shar har inda ido ya ƙare.

Tana kujerar baya, a matse tsakanin jiƙaƙƙen tanti da akwatin ƙanƙara, ta zuba wa ƙeyar babanta ido. Kwana tara ke nan da suka baro Portland a tsohuwar motarsu da suke kira Bertha, kuma a kwana taran nan ta gane abu guda: duk lokacin da Glenn ya yi abin da ba a aike shi ba, kunnuwansa ne ke fara tona masa asiri. Yanzu kuwa sun yi jajawur.

"Baba."

"Na'am, 'yar lele."

"Wannan fa ba hanyar Kansas City ba ce."

"Ke dai sha kallo."

"Allon da muka wuce, Iowa aka rubuta a jiki."

"Shiii! So kike ki kashe ni? Yi a hankali mana!"

Ya saci kallon matarsa. Rhonda na gefensa, kai a jingine da gilashi, tana ramuwar barcin da ruwan sama ya hana su a tanti.

Tun kafin a ɗaure kaya a saman mota Mama ta kafa sharaɗi ɗaya: a bi ko'ina, a kafa tanti a kowane daji, a shiga duk filin wasan da Glenn ya ga dama, amma tayar Bertha ba za ta taka jihar Iowa ba, sai dai a zagaya ta Kansas City. A Iowa aka haifi Mama, iyakar abin da Keely ta sani ke nan. Jiya ma a gadar nan ta Omaha, inda aka ja layi a ƙasa mutane na ɗaukar hoto ƙafa ɗaya a Nebraska ɗaya a Iowa, Mama toge wa ta yi taku biyu kafin layin, ta ce ita rana ta dame ta.

Ga kuma takardar da ke cikin jakar Keely. Jibi da ƙarfe tara na safe kociyar wata jami'a za ta gwada 'yan ƙwallon kwando a Chicago, sunan Keely na cikin 'yan mata arba'in da aka gayyata. Da yake shekararta sha bakwai, ba za ta taka filin ba sai da sa hannun uwa da uba. Glenn ya sa nasa tun ranar da takardar ta iso. Wajen Rhonda kuwa yana nan fari fat. Keely ta roƙa a Salt Lake City, ta roƙa a Denver suna tsakiyar kallon wasa, ta wanke kwanukan zango kwana huɗu a jere ba wanda ya sa ta. Amsar dai guda ce: "Chicago kallon gine-gine da tafki za mu je, ba wasa ba."

"Baba, in ta farka ta gani, takardata ta mutu. Ka sani ko?"

"Ko kuma ta tashi."

"Me kake nufi?"

Bai samu amsawa ba, Bertha ta hau layin dogo, kacau-kacau, tukwanen da ke baya suka ɗauki kiɗa. Rhonda ta buɗe ido.

Ta kalli masarar. Ta ɗaga kai ta kalli wani dogon tankin ruwa da ke tsaye a bakin gari, an rubuta TOLLIVER a jikinsa da shuɗin fenti.

"Glenn." Muryar ta fito a sanyaye, irin sanyin da gara a yi maka ihu. "Juya motar nan."

"Rhonda, saurara..."

"Na ce ka juya."

"Ba mai a motar."

"Tankin a cike yake, ina gani."

"To ba wajen juyawa."

"Glenn Brandt, shekara ashirin da ɗaya ina aure da kai, ba ka taɓa iya ƙarya ba, yau ma ba ka iya ba!"

Shi dai ya ƙanƙame sitiyari, gumi na tsattsafo masa, bai tsaya ba sai a gaban wani tsohon gini na jan bulo. Motocin manoma sun cika harabar. An ɗaure wani ƙyalle a saman ƙofa: BANKWANA DA ZAUREN WASANMU. Ƙamshin dafaffiyar masara da man shanu har cikin mota.

"Ranar Litinin za su rushe shi," in ji Glenn, bai yarda ya kalle ta ba. "Denise ta rubuto miki tun watan Afrilu. Kin jefa wasiƙar a shara, ni kuma na tsince ta."

"Ashe har shara kake bi."

"Saboda ke, har da abin da ya fi shara."

"Wace ce Denise?" Keely ta tambaya.

Ba ma sai an amsa ba, don wata dirkekiyar mata mai gajeren gashi fari ta riga ta nufo su a guje, masara a hannu, tana kwarara ihu kamar gobara ta tashi.

"Jama'a ku fito! Katanga ce! Wallahi Katanga ce ta dawo!"

Ta daki gilashin da tafin hannu.

"Ronnie Dykstra! Buɗe ƙofar nan, ja'ira, ko in cire ta da hannuna!"

Keely ta saki baki. Mamanta, wadda ko a gida ba mai ce mata komai sai Rhonda, wai ita ce Ronnie? Ita ce Katanga?

Rhonda ta sauke gilashi kaɗan.

"Denise. Kin yi ƙiba."

"Ke kuma kin tsufa ba kunya. Shekara ashirin da takwas, ko kati! Fito in gan ki da kyau kafin in shaƙe ki."

Ta leƙa baya, ta ga Keely, ta ƙare mata kallo daga kai har dogayen ƙafafunta da suka rasa wajen miƙewa.

"Kai! Wannan taki ce? Ji tsawo! Ke 'yan mata, kina wasa?"

"Ina yi."

"Yo ai dole. Jinin Katanga ne. Uwarki ta koya miki yadda ake raba mutum da ƙwallo yana ji yana gani?"

"Mama ba ta son ƙwallon kwando," in ji Keely. "Ba ta ma san dokokinsa ba."

Denise ta tsaya cak. Sai ta fashe da wata irin dariya har da riƙe ciki, masarar ta faɗi ƙasa. Da ta ɗago ta ga fuskar yarinyar, dariyar ta ɗauke.

"Au. Da gaske kike."

Ta nuna madubin cikin mota, inda wani ɗan guntun farin zare ke rataye, ya yi dauɗa don tsufa.

"To wannan fa? Na waye kike tsammani?"

"Na Baba ne."

Kowa ya san al'adar: ranar da aka ci kofi, ana kafa tsani, 'yan wasa su hau ɗaya bayan ɗaya kowa ya yanki guntun ragar kwando ya adana. Tun Keely na ƙarama take ganin zaren nan a motarsu. Da ta tambaya, Baba cewa ya yi na zamanin ƙuruciya ne. Bai ce ƙuruciyar wa ba, ita ma ba ta bincika ba. Da ta yi tunani da ta gane, don Glenn ko takarda ya jefa kwandon shara sai ya tashi ya je ya ɗauko ta a gefe.

Denise ta zura hannu cikin rigarta ta fito da sarƙa. A jikinta irin zaren ne sak.

Keely ba ta san lokacin da ta ɓalle ƙofa ta fita ba.

"Keely!" Rhonda ta ƙwala mata kira. "Dawo nan!"

Ina! Ta riga ta shige.

*

Zauren ƙarami ne, amma ya cika maƙil. Tsofaffi a kan bencina suna fifita da faranti, yara na tsere a kan katakon da ya sha goge har yana ƙyalli, tebura sun jeru da masara da kek ɗin tuffa. An jingine tsani a bango, don da ƙarfe uku za a yanke ragar ƙarshe.

A bangon gabas aka rataye hoton. 'Yan mata shida, gashi a kumbure irin na wancan zamanin, an rubuta a ƙasa: Zakarun Yanki, 1986. Ta tsakiya, mai lamba arba'in da ɗaya, tana riƙe da almakashi tana dariya har haƙoranta na waje.

Keely ba ta taɓa ganin mamanta na irin wannan dariyar ba. Abin ya ba ta daɗi, ya kuma ƙona mata rai, duk a lokaci ɗaya.

"Wasa talatin da ɗaya a shekarar nan," Denise ta faɗa a bayanta tana haki. "Ba yarinyar da ta taɓa jefa sama da goma a kanta. Akwai wadda ta yi kuka ta bar filin tun kafin hutun rabin lokaci."

"Ita nawa take jefawa?"

"Wa? Ronnie? Ko ɗaya."

"Ban gane ba."

"Ku 'yan yanzu ai ba ku sani ba. Namu wasan shida-shida ne. Kin ga layin can na tsakiya? Uku a wancan gefen, su ne masu jefawa. Uku a nan, mu ne masu tsaro. Ba mai tsallaka layi. Ƙwallo kuma sau biyu kawai za ki buga ta a ƙasa, sai ki miƙa. Ni da uwarki shekara huɗu muna wasa, ko sau ɗaya ba mu taɓa jefa ƙwallo a kwando ba. Ƙwace mu miƙa, shi ne aikinmu."

Sai zauren ya yi tsit. Keely ta waiwaya. Rhonda ce tsaye a bakin ƙofa da silifas ɗin zango a ƙafarta, Glenn a bayanta yana murza hula.

Wani tsoho ya miƙe ya fara tafi. Na kusa da shi ya kama. Kafin ka ce me, zauren gaba ɗaya ya ɗauka, ana buga ƙafa a benci.

"Ka-tan-ga! Ka-tan-ga!"

Rhonda ba ta kalli kowa ba. Ta ratso tsakiyar mutane ta kama hannun 'yarta.

"Mu tafi."

Keely ta fizge.

"Ba inda za ni."

"Kar ki yi min haka a gaban mutane."

"Shekara bakwai, Mama! Shekara bakwai ina wasa, ko sau ɗaya ba ki taɓa zuwa kin zauna a benci ba! Iyayen kowa na nan, ni sai Baba shi kaɗai yana ihu a inda bai kamata ba!"

"Ni kuma me na yi?" in ji Glenn a hankali.

"Na ɗauka ba ki gane wasan ba ne. Na ce to, ba laifinta ba ne. Ashe ke ce... ashe hotonki ne a bango!"

"Keely, rage murya."

"Ba zan rage ba! Me ya sa kika ƙi sa min hannu?"

Rhonda ta dubi layin tsakiya, wani jan fenti da ya fara koɗewa, ta daɗe tana kallonsa.

"Kina son ki ji?"

"Ina so."

"To ki ji." Ta ja numfashi. "Bayan mun ci kofin nan, wata jami'a ta kira ni gwaji. Ni kaɗai a duk yankin. Garin nan kaf suka raka ni tasha, har da masu busa da ganga. Denise ce ta riƙe min jaka."

"Ni ce," in ji Denise. "Nauyi kamar an zuba duwatsu."

"Can kuwa biyar-biyar ake yi, irin naku. Kowa ya tsare, kowa ya jefa, fili duka naka ne. Na sani sarai, an faɗa min, na kwana ina maimaitawa. Aka busa usur. Minti ɗaya ba a yi ba na ƙwace ƙwallo a hannun babbar 'yar wasansu. Gabana fayau, ba kowa tsakanina da kwando. Na buga ɗaya. Na buga biyu."

Ta nuna jan layin da yatsa.

"Sai na ga layi. Ƙafafuna suka tsaya da kansu. Na ɗaga ƙwallo sama ina neman wadda zan miƙa wa."

Ba wanda ya yi tari a zauren.

"Dariya suka yi, Keely. 'Yan wasa, masu kallo, har mai goge fili. Wata ta ce, 'A ba ta hanya, 'yar gonar masara na jiran izinin babanta.' Aka sake gwadawa, na sake tsayawa. Sau uku. Kocin ya dafa kafaɗata ya ce in gaida mutanen gida."

Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu a fusace.

"Da wane ido zan dawo in kalli mutanen da suka raka ni da ganga? Na hau motar yamma, ban sake waiwayowa ba. Na kuma rantse, ba zan taɓa zama ina kallo a yi wa 'yata irin dariyar nan ba. Ke ba ki san yadda take ba. Har yau ina jin ta."

Tausayi ya kama Keely. Amma Denise ba ta da wannan lokacin.

"Amma ke dai shashasha ce, Ronnie."

"Denise..."

"Shashasha mana! Ke kaɗai kike tsammani? Mu uku ne masu tsaro, wa aka ɗauka a cikinmu? Ni da na je nawa gwajin bayan shekara, a layin na tsaya har wata ta banke ni ta baya na ci da baki! Mu mun dawo gida mun yi kukanmu tare, aka ba mu kek muka ci. Ke kika kwashi naki kika gudu da shi har bakin teku, kina ta renonsa kamar jariri!"

Dariya ta ɓarke a bencina, wasu matan na share ido.

Keely ta matso dab da mamanta.

"Mama, ni ba wanda ya taɓa ce min in tsaya a layi. Ke ce kike tsayar da ni."

Maganar ta shigi Rhonda, kowa ya ga haka a fuskarta. Amma taurin kai ba a mota aka bar shi ba.

"Ba ki shirya ba," ta ce. "Waɗancan yaran na Chicago za su cinye ki ɗanya."

"Ya aka yi kika sani? Ba ki taɓa ganin wasana ba!"

"Na sani."

Keely ta juya ta ga ƙwallo a ƙarƙashin tebur. Ta sa ƙafa ta janyo ta, ta buga ta a ƙasa, dum! Jininta ya riga ya hau.

"To zo ki nuna min. Sau ɗaya tak. In na wuce ki na jefa, ki sa hannu. In kika ƙwace, ni da kaina zan yaga takardar, mu je mu kalli tafki."

"Keely, a'a!" Glenn ya yi tsalle ya shiga tsakani. "'Yar lele, ba ki san abin da kike faɗa ba. Janye, don Allah janye!"

"Baba, shekararta arba'in da shida. Jiya da ƙyar ta miƙe daga kan katifar tanti."

Denise ta riga ta zauna a ƙasa tana kwance igiyar takalminta.

"Wayyo yarinya," ta ce tana girgiza kai. "Wayyo 'yar mutane." Ta wurga wa Rhonda takalman. "Saka, tsohuwa. A ja tebura, jama'a! A ba su fili!"

Zauren ya hargitse. Maza na jan tebura, mata na kwashe yara, tsohon da ya fara tafi ya laluba aljihu ya fito da usur, ashe shi ne alƙalin wasansu na da. Glenn ya zaro takardar daga jakar Keely ya riƙe ta a ƙirji da hannu biyu, biro a bayan kunne, sai addu'a yake.

Rhonda ta ɗaure takalmi. Ta taka zuwa gaban kwando, ta juya, ta ware ƙafafu, ta rage tsawo, ta buɗe hannuwa.

Nan take Keely ta ji wani abu ya tsarga mata. Wannan ba matar da ke faɗa a kan jiƙaƙƙen tawul ba ce. Idanun ma ba ƙwallon suke kallo ba, fuskarta suke kallo.

Firrr!

Keely ta taso daga tsakiya, ƙwallo na bin hannunta kamar da zare aka ɗaure. Ta yi dama, Mama na nan. Ta ja baya ta wuce da ƙwallon ta tsakanin ƙafafu, matasan da ke benci suka yi ihu. Ta sake yin dama, Mama na nan dai, ko gezau.

"Ki daina cije leɓen nan," Rhonda ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Keely ba ta ma fahimta ba. Ta ga 'yar kafa ta hagu, ta cije leɓe, ta karya da dukkan ƙarfinta.

Tas!

Hannunta ya dafa iska. Ƙafarta ta zame, ta zauna daɓas a kan katako.

Ƙwallo na hannun Mama.

Ihun da aka yi sai da tagogi suka amsa. Denise na tsalle da safa tana "Na faɗa! Na faɗa muku!" Keely kuwa ta sunkuyar da kai. Shi ke nan. Chicago ta tafi, kuma da bakinta ta bayar.

"Duk wasanki da na ɗauka a waya," muryar Baba ta zo mata daga gefe, "sau uku-uku take kallo a ɗakin wanki. Tun kina aji bakwai take cewa kina cije leɓe kafin ki karya hagu. Ta hana ni faɗa miki."

Keely ta ɗago da sauri.

Rhonda ba ta tsaya ba. Jikinta ya tuna abin da ya saba, ta kwasa a guje. Dum, ɗaya. Dum, biyu.

Ƙiiii! Takalmin Denise ya yi ƙara a kan katako.

Ta tsaya. Yatsun ƙafarta dab da jan layin, ƙwallo a sama da hannu biyu, tana neman wadda za ta miƙa wa. Ba kowa a wancan gefen, sai kwando shi kaɗai.

Ihun ya mutu. Daga inda take zaune Keely na ganin bayan mamanta, kafaɗunta sun ɗage, ta sunkuyar da kai tana jiran dariyar.

Ba wanda ya yi dariya.

Keely ta manta da takarda, ta manta da Chicago. Ta miƙe a kan gwiwoyinta ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Mama! Wuce!"

Rhonda ba ta motsa ba.

"Wuce mana, Mama! Fenti ne kawai!"

"Wuce, ja'ira!" Denise ta kwarma, hawaye shaɓe-shaɓe. "Wuce mana da mu duka!"

Bencina suka ɗauka, ƙafafu na dukan katako. "Wu-ce! Wu-ce! Wu-ce!"

Rhonda ta sauke ƙwallon a hankali. Ta kalli layin. Ta ɗaga ƙafar dama.

Dum.

Bugu na uku. Ƙafarta ta sauka a wancan gefen.

Zauren ya kusa tsagewa. Tsohon alƙali ya kai usur baki don sabo, matarsa ta doke masa hannu. Rhonda na tafe tana bugawa, huɗu, biyar, shida, tana kuka tana dariya, irin dariyar cikin hoton nan sak. Ta tsaya taku kaɗan daga kwando, ta juyo tana haki.

"Keely!"

"Na'am, Mama!"

"Na ci ki, ko ban ci ki ba?"

"Kin ci."

"To saurara. Ban taɓa jefa abin nan ba tunda uwata ta haife ni." Ta ɗaga ƙwallon. "In ta shiga, zan sa hannu."

"Haba Mama! Ki matsa kusa to! Ki lanƙwasa gwiwa! Gwiwar hannunki a ciki, a ciki!"

"Ji 'yar nema, ni za ki koya wa?"

Ta jefa. Jifa ce mummuna, da hannu biyu daga ƙirji, irin ta mai watsa wa kaji hatsi. Ƙwallon ta daki allo, ta dawo ta hau bakin zoben ƙarfen, ta fara zagayawa.

Zagaye ɗaya. Mutum ɗari biyu sun miƙe tsaye, kowa baki a buɗe.

Zagaye biyu. Denise ta toshe ido da hannu tana leƙe ta tsakanin yatsu.

Keely kaɗai ce ta sauke ido, don zuciyarta ba za ta iya ba. Sai ta ga abin da ba wanda ya gani. Mama ba kwandon take kallo ba. Ta riga ta juya masa baya, ta miƙa hannu wajen Baba.

"Glenn, miƙo biron."

"Ai... ai ba ta shiga ba tukuna!"

"Na ce miƙo."

A can sama, ƙwallon ta rage gudu, ta tsaya cak a bakin zoben, ta fara karkata.